Dajin Tsohuwar Oyo: Ziyarar da Ta Kamaci Mutanen Sabo

Sharhin yau ya shafi tafiyar buɗe ido, wato tafiyar da ba fatauci ne ya ta da ita ba, ba kuma biki ko ta'aziyya ba, sai dai don mutum ya ga ƙasa ya san abin da ke cikinta.

Idan aka ambaci irin wannan tafiya a Ibadan, hankalin mutane yakan tafi kudu, zuwa bakin teku a Legas, ko Lekki, ko Badagry. Teku kuwa abin kallo ce, ba musu. Sai dai gaɓar tekun Najeriya shimfiɗaɗɗiya ce, yawancinta rairayi ne da fadamu da itatuwan da ke tsira cikin ruwan gishiri, saboda haka mai son ganin duwatsu da kwazazzabai da dajin da namun dawa ke kiwo a cikinsa dole ne ya ba teku baya ya fuskanci arewa. A can, cikin jihar Oyo ɗin nan, akwai Gandun Dajin Ƙasa na Tsohuwar Oyo, wanda kogin Ogun ya ratsa ta cikinsa kafin ya gangara ta Abeokuta ya zuba ruwansa a tafkin Legas. Ruwan da ake gani a bakin teku, wani ɓangarensa daga wannan daji ya taso.

Maganar da sharhin ya ɗauko guda ce. Wannan daji ba baƙon wuri ba ne ga Bahaushen unguwar Sabo ta Ibadan, kuma ya kamata ya je ya gan shi da idonsa. Za a duba dalilin da ya sa ba baƙo ba ne, sannan abin da mai ziyara zai tarar, sannan abin da ke cin dajin, wanda ba a raba wasu 'yan'uwa da hannu a cikinsa.

Da farko, me ake nufi da gandun dajin ƙasa? Shi ne yankin da gwamnatin tarayya ta keɓe da doka, ta haramta noma da kiwo da farauta da saran itace a cikinsa, ta kuma sa ma'aikata su tsare shi, domin dabbobi da tsirrai da alamomin tarihi su wanzu har jikoki su gani. Wannan na Oyo ya samo asali ne daga dazuzzuka biyu da Turawan mulkin mallaka suka keɓe, ɗaya a saman kogin Ogun, ɗaya kuma a kufan tsohon birnin Oyo, waɗanda aka haɗe su a shekarar 1991 suka zama gandu ɗaya mai faɗin da ya haura murabba'in kilomita 2,500. Babban ofishinsa yana garin Oyo, a kan hanyar Iseyin, kuma can ne ake fara neman izinin shiga.

To, yanzu sai dalilin da ya sa aka ce wurin ba baƙo ba ne. A kusurwar arewa maso gabashin gandun akwai kufan birnin da Yarbawa ke kira Oyo-Ile, wanda fataken Arewa suka sani da sunan Katunga. Shi ne fadar Alafin, sarkin daular Oyo, wadda a ƙarni na 18 ƙarfinta ya kai har Dahomey, a ƙasar Benin ta yau, tana biyan ta haraji. Ƙarfin nan a kan doki ya tsaya. Doki kuwa ba ya daɗewa a kudu saboda ƙudan tsando da cutar da yake sa wa dabba, don haka kullum sai an sayo sababbi daga Arewa, ta ƙasar Nufe da Borgu. Tare da dawakin ake kawo kanwa da kayan fata, kuma tare da su ake kawo bayi, waɗanda wasu ke zama a Oyo, wasu kuma a wuce da su bakin teku, zuwa Badagry da Porto-Novo, a sayar wa Turawa. A komowa fatake kan ɗauko tufafi da kayan Turai da wuri, wato kuɗin da aka yi ciniki da shi a kasuwannin Kano da Katsina kafin zuwan sulalla. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi bayanin ƙasar Yarbawa da cinikinta a littafinsa Infaƙul Maisuri, abin da ke nuna cewa Sakkwato ta san da Oyo sarai.

Hausawan da suka zauna a Oyo ba 'yan wucewa ba ne kawai. Samuel Johnson, Bayarabe ɗan asalin Oyo wanda aka buga littafinsa na tarihin Yarbawa a 1921, ya nuna cewa bayin Hausawa su ne wanzamai da masu tufkar igiya da makiyayan shanu a gidajen manya. Su ɗin ne kuma, wajen shekarar 1817, suka gudu daga iyayen gijinsu suka nufi Ilori da yawansu, lokacin da Afonja, babban jarumin daular wanda ya yi wa Alafin tawaye, ya haɗa kai da malami Shehu Alimi a can. Daga nan daular ta kama hanyar rushewa. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya taso daga Badagry a ƙarshen 1825, ya isa Katunga a watan Janairu na 1826, ya tarar da birni mai doguwar ganuwa da ƙofofi goma, amma yaƙi ya riga ya fara cin ƙauyukan da ke kewaye. Daga can ya wuce Kano da Sakkwato, inda ya rasu a 1827. Bayan kimanin shekara goma, da Alafin Oluewu ya faɗi a yaƙinsa da Ilori, mutanen birnin suka watse, aka kafa sabuwar Oyo a kudu ƙarƙashin Alafin Atiba, wadda ita ce Oyo da motocin Arewa ke ratsawa a yau.

Mai sauraro zai so ya riƙe wani abu a nan. Ibadan kanta sansanin yaƙi ce da ta taso wajen 1829 daga cikin wannan hargitsi, ta cika da mutanen da suka gudo daga arewacin ƙasar Yarbawa. Unguwar Sabo kuwa an kafa ta a 1916, wato kimanin shekara 80 bayan watsewar Katunga, kuma cinikin goro da shanu da ya raya ta ci gaba ne na tsohuwar hulɗar Arewa da Kudu, illa dai jirgin ƙasa da mota sun karɓi aikin jaki da ɗan dako. Saboda haka duk wanda ya taka kufan Oyo-Ile daga Sabo, ya taka wurin da Hausawa suka yi ciniki, suka yi bauta, suka yi aski, suka kuma yi yaƙi tun kafin a san za a yi wata unguwa a gefen Mokola. A tarihin akwai abin alfahari, akwai kuma abin takaici, kuma yaron da aka haifa a Sabo yana da haƙƙin sanin duka biyun. Wurin ba baƙo ba ne.

Sai kuma abin da mai ziyara zai tarar. Kufan ba gine-gine ne tsayayyu ba, kuma wanda ya tafi da tsammanin ganin fada mai soraye zai dawo da ƙorafi. Abin da ya rage shi ne tudun ganuwa da ya miƙe cikin ciyawa, da gwalalo a gefensa, da tsofaffin kukoki, waɗanda duk ɗan Arewa ya san ba su cika taruwa ba sai inda mutane suka taɓa zama. Idan mutum ya sunkuya zai ga tsingaro barbaje a ƙasa, wasu da zanen da maginiyar tukunya ta yi musu tun yumɓun yana ɗanye. A kan faffaɗan duwatsu kuma akwai ramuka masu santsi, inda mata suka yi ta niƙa shekara da shekaru har dutsen ya lotsa. Akwai filin tsohuwar kasuwar Akesan, da kogunan dutse irin su Agbaku da Mejiro, kuma a Mejiro ne masanin tono kayan tarihi Frank Willett ya haƙo ƙananan makaman dutse a shekarun 1950, waɗanda suka tabbatar da cewa mutane sun zauna a wurin tun kafin a san ƙarfe. Masanan Jami'ar Ibadan sun auna ganuwar a shekarun 1970, kuma tun 1995 sunan wurin yana cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa hukumar UNESCO don a duba sanya su cikin kayan tarihin duniya. Duk wannan ba ya fitowa fili sai da ɗan jagora, domin wanda bai sani ba zai iya tsayawa a kan ganuwar yana tambayar ina ganuwar take.

Ɓangaren namun dawa yana wata nahiyar ta gandun, kuma ta garin Sepeteri aka fi shigarsa, inda hukumar ke da masaukin baƙi a Akoto. Daga nan akan nufi gurbin ruwan Ibuya, a cikin kogin Ogun, wanda ba ya ƙafewa da rani. Dajin kansa zai yi wa ɗan Arewa kama da na gida, domin kaɗanya ce da ɗorawa da maje da kawo da maɗaci, ga gamba da ta fi mutum tsayi idan damina ta zauna. Dabbobin da aka san gandun da su sun haɗa da mariya da gwanki da kanki da mazo da gada, da gwaggon biri da jan biri, sai kada a cikin ruwa da zabin daji a kan hanya. A nan ma gaskiya ta fi. Wannan ba gandun dajin Yankari ba ne. Giwa da zaki, waɗanda a da ake da su, sun zama labari, ɓauna ma ganinta sai mai sa'a, kuma dabbobin da suka rage sun koyi gudun mutum saboda yawan harbi. Wanda ya fita da asuba, ya yi shiru, ya zauna nesa da ruwa inda iska ba ta kai warinsa, shi ne ke ganin mariya ta fito daga ciyawa, ta tsaya tana kaɗa kunne, ta daɗe tana dube-dube kafin ta sa baki a ruwa.

Daga daji sai garuruwa, domin su ne rabin tafiyar. Yankin nan shi ake kira Oke-Ogun, ma'ana ƙasar da ke saman kogin Ogun, kuma daga nan ne doya da masara da rogo da garin alabo masu yawa ke shigowa kasuwar Bodija ta Ibadan. Mai tashi daga Ibadan ta Ojoo da Moniya zai bi hanyar da gwamnatin jiha ta sake ginawa aka buɗe a 2021, ya isa Iseyin, garin masaƙa. A nan ake saƙa aso-oke, wato tufar bikin Yarbawa, a kan masaƙa mai fitar da siririn ƙyalle wanda ake ɗinkewa gefe da gefe har ya zama zane, kuma wanda ya san saƙi da tsamiya na Kano da Bida zai gane cewa sana'ar dangin juna ce. Iseyin tsohon garin Musulunci ne, don haka masallaci da abincin halal ba abin nema ba ne. Kusa da garin akwai madatsar ruwa ta Ikere, wadda aka gina a kan kogin Ogun tsakanin duwatsu a farkon shekarun 1980 da niyyar samar da lantarki da ruwan noma, amma aikin wutar bai kammala ba, sai masunta ne suka fi cin moriyarta. Akwai kuma dutsen Ado-Awaye, mai ɗan tafki a samansa, wanda mutanen garin ke girmamawa bisa al'adarsu. Musulmi ba ya buƙatar shiga abin da ya saɓa wa aƙidarsa don ya hau dutsen, amma ba shi da hurumin yi wa masu wurin izgili.

Gaba da nan sai Shaki, babban gari kusa da iyakar Benin, mai dutsen Asabari da maƙeran tukwanen alminiyon, inda Hausawa suka daɗe da zama. Sai Igboho, wanda ya fi muhimmanci ga mai bin tarihi, domin nan ne sarakunan Oyo suka yi gudun hijira a ƙarni na 16 bayan Nufawa sun ci birninsu, kuma kaburburan Alafin huɗu suna nan har yau a wani kurmi da ake tsarewa. Igbeti kuwa, wadda ta nan ake shiga kufan Oyo-Ile, kuma wadda aka fi isa gare ta ta Oyo da Ogbomoso, ita ce garin duwatsu. Dutsen Iyamopo ya yi mata rumfa, ƙasarta tana da farin dutsen marmara da ake haƙa, kuma a gefenta akwai dutsen Agbele, wanda idan aka hango shi sai a ce mace ce da goyo a baya da kaya a ka. Mutanen garin suna ba da labarin cewa wata mata ce ta ɗebi alabon da aka shanya ba da izini ba, ta daskare a wurin. Ko ba a yarda da labarin ba, yara ba sa manta shi.

Jama'a masu sauraro, yanzu an zo wurin da maganar ke da nauyi. Dajin nan ana cinsa. Mai bin hanyar Iseyin zuwa Shaki zai ga buhunan gawayi jere a bakin titi suna jiran manyan motoci, wasu su tafi birane, wasu har tashar jiragen ruwa ta Legas, kuma itatuwan da aka fi so don gawayi su ne masu ƙarfi da jinkirin girma, ciki har da kaɗanyar da mata ke samun man kaɗe daga gare ta. Mafarauta suna shiga, masu haƙar ma'adinai ba bisa doka ba suna shiga, shanu ma ana kora su ciki da rani, a sassare musu rassan kawo da maɗaci, a kuma cinna wa ciyawa wuta don sabuwa ta tsiro. Masu wannan aiki ba ƙabila ɗaya ba ne. Akwai 'yan ƙasa, akwai baƙi daga ƙetaren iyaka, akwai kuma 'yan Arewa, kuma ɓoye wannan ba zai amfani kowa ba. Makiyayi yana da uzurinsa, domin gonaki sun cinye burtali, kuma tun 2019 jihar Oyo tana da dokar da ta taƙaita kiwon sake. Amma uzuri ba ya mayar da haram halal a gaban doka, kuma duk sa'ad da aka kama mutum ɗaya a cikin gandun, sunan al'umma gaba ɗaya ake kira. Mutanen da suka ga rikicin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairu na 2021 ba sa buƙatar a yi musu bayanin yadda laifin mutum ɗaya ke zama wutar da ke cin rumfunan dubu.

Dillalin shanu a Akinyele da mai gidan baƙi a Sabo suna da murya a wurin makiyaya fiye da kowane jami'in gwamnati, domin su ne ke saukar da su, su sayar musu, su ajiye musu kuɗi. Idan waɗannan manya suka san iyakar gandun, suka san abin da ke cikinsa, maganarsu za ta yi tasiri. Mutum kuwa ba ya kare abin da bai taɓa gani ba. Wannan shi ne dalili na biyu da ya sa ziyarar ta kamata.

Saura yadda za a yi tafiyar. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga hunturu zuwa tsakiyar rani, sa'ad da ciyawa ta kwanta, hanyoyin cikin daji suka bushe, dabbobi kuma suka taru a bakin ruwa. Da damina mota ƙarama ba ta kai mutum ko'ina. Ba a shiga sai da izinin hukuma da rakiyar ma'aikatanta, kuma wannan sharaɗi ya ƙara ƙarfi a 'yan shekarun nan da 'yan bindiga suka riƙa fakewa a dazuzzukan da ke tsakanin Oyo da Kwara. Don haka a fara zuwa ofishin da ke Oyo a tambayi wane ɓangare ne a buɗe, kuma idan aka ce a dakata, to a dakata, a wadatu da Iseyin da Ado-Awaye da Igboho, waɗanda su kaɗai sun isa tafiyar kwana biyu. A tafi cikin ayari, a yi tafiyar rana, a riƙe katin shaida, a ɗauki ruwan sha da takalmi mai rufi da riga mai dogon hannu saboda tsando. A garin da aka sauka a nemi Sarkin Hausawa a gaishe shi, a kuma gaida masu gari kafin a hau dutsensu. Kada a ɗauko ko tsingaro ɗaya daga kufai, kada kuma a sayi naman dajin da ba a san inda aka harbo shi ba.

Kira na ƙarshe ga shugabannin makarantun Islamiyya da na boko a Sabo, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na matasa, da iyaye maza da mata: kuɗin da za a tara a ɗauki bas guda bai fi ƙarfin unguwa ba, kuma hutun ƙarshen shekara ya faɗo daidai lokacin da dajin ke karɓar baƙi. A aika wakili Oyo ya jiyo sharuɗɗa, a sa rana, a ɗauki yara tare da malamin da zai ba su tarihin Katunga a kan ganuwarta. Allah ya kai lafiya ya dawo da kowa lafiya.